Alherin Ɗan Kasuwa: Abin da Shago da Yaransa Ke Samu Daga Bayarwa

Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, tashar Iddo ta zama ƙofar da fataken Arewa ke shiga Ikko, wato Legas. Ta nan shanu da gyaɗa da fatu suka riƙa gangarowa, ta nan goro ya riƙa hawa. A yau Hausawa sun kafu a Agege, inda cinikin goro ya fara tara su, da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ga masu kayan gwari a Mile 12, ga mahauta da dillalan shanu a kwatar Oko-Oba. Mafi yawansu ƙananan 'yan kasuwa ne: rumfa ɗaya, yara uku ko huɗu, da jarin da dole ya juya kullum. Irin wannan mutum idan aka ce ya tallafa wa ƙungiyar agaji, amsarsa a shirye take: "Wannan ai aikin su Ɗangote ne." Gaskiyar magana kuwa, shi ya fi kowa cin moriyar bayarwa, muddin ya yi ta da tsari.

Amana ce jarin farko

Kasuwancin Bahaushe a Kurmi a kan bashi da amana ya ginu. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda maigida ke saukar da fatake a gidansa, ya ciyar da su, ya haɗa su da dillalai, sannan ya tsaya musu idan an ba mahauta shanu bashi. Ba takarda, ba lauya. Abin da ke sa baƙo ya damƙa garkensa a hannun wani shi ne sunan da mutumin ya yi wajen riƙon jama'a. Har gobe haka abin yake. Manomin da ke ɗora albasa a Aliero ko tumatir a Kadawa ya aiko Legas, yana tambaya ne: wane ne wannan, yaya yake da mutane? Wanda aka sani da kai mara lafiya asibiti, da sa hannu a gyaran masallacin kasuwa, shi ake ba kaya a jira kuɗi. Marowaci kuwa sai ya biya lakadan.

A fara daga cikin rumfa

Yaron shago da ɗan dako a Legas ba su da fansho, ba su da inshora, danginsu na can nesa da su, tafiyar kwana da wuni a mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na magani suka tashi, rashin lafiyar kwana uku kan cinye abin da yaro ya tara a wata uku. Yaron da ya san idan ya kwanta za a kula da shi, idan ya yi rashi za a haɗa masa kuɗin komawa gida, ba ya saurin miƙa hannu cikin aljihun maigidansa, ba ya kuma guduwa don an ƙara masa 'yan kuɗi a rumfar gaba. Duk mai shago ya san wahalar koya wa sabon yaro sanin kaya da sanin masu saye.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Jihar Legas na da tsarin inshorar lafiya mai suna Ilera Eko, wanda maigida zai iya biya wa yaransa kuɗin shekara. 'Yan layi ɗaya a kasuwa za su iya kafa asusun gudummawa, kowace rumfa ta riƙa zuba abu kaɗan duk mako, kamar yadda ake adashi, a ware shi don jinya da gobara da jana'iza. Sai kuma tsohuwar al'adar sallamar yaro da jari bayan ya yi shekaru yana hidima. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya shahara da ba mutanensa jari su je su juya, kuma ta hannunsu kasuwancinsa ya bazu. Yaron da aka sallama da kyau yakan dawo ya zama mai sari a wurin tsohon maigidansa.

Zakka da lissafinta

Zakka ba kyauta ba ce, haƙƙi ne. Idan dukiyar ciniki ta kai nisabi, wato kimanin kuɗin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Mai kaya da kuɗi na naira miliyan 40 zai fitar da miliyan 1. Malaman Malikiyya sun bambanta ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum, wanda zai yi wa hajarsa ƙima sau ɗaya a shekara, da mai ajiye kaya yana jiran farashi, wanda zai fitar idan ya sayar. A nan ma akwai riba ɓoyayya: wanda ke fitar da zakka dole ya zauna ya ƙirga kayansa, ya san wanda yake bi da wanda ke bin sa. Da yawa sai a ranar suke gane ko gaba suke yi ko baya.

Yaron shago matalauci na iya karɓar zakkar maigidansa, amma ba a madadin ladan aikinsa ba. Wanda ya danne albashi ya kira abin da ya bayar zakka, bai biya ko ɗaya ba.

Me ya sa ta hannun ƙungiya?

Naira hamsin-hamsin da ake rabawa a bakin rumfa ranar Juma'a tana da ladanta, amma ba ta taɓa fitar da kowa daga bara ba. Miliyan ɗaya da aka tara wuri guda na iya zama keken ɗinki da injin markaɗe da jarin shayi ga mutane kaɗan, waɗanda gobe za su zo sayen sukari da shinkafa a Iddo. Abin da ya sa Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi ke nan, Sakkwato da Zamfara ma suna da irinta. A Legas akwai gidauniyar Zakat and Sadaqat Foundation da sashen zakka na ƙungiyar NASFAT, masu raba kayan sana'a da biyan kuɗin asibiti da na makaranta. Akwai Lagos Food Bank, mai karɓar kayan abinci ta raba wa mabuƙata, abin da ya dace da masu hatsi da kayan gwari. Ga kuma 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam, waɗanda ake gani a asibitoci da wuraren jana'iza.

Sai dai a bincika kafin a bayar. Ƙungiyar na da rajista da hukumar CAC? Su wane ne amintattunta? Tana ba da rasit, tana karanta lissafi a bainar jama'a? Wadda ta ji haushin waɗannan tambayoyi, a nemi wata. Kada kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya sa ran sassaucin haraji: wannan ya fi shafar manyan kamfanoni, domin tun dokar kuɗi ta 2019 an ɗauke harajin riba daga ƙananan kamfanoni.

Maƙwabci ma yana da rabo

Masu dogon zama a Legas ba su manta da rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 ba, ko na Mile 12 a Maris ɗin 2016, lokacin da aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwa, kaya suka ruɓe. A irin wannan rana, mai ƙaramin jari ne ke karyewa. Idan rijiyar burtsatsen da 'yan kasuwa suka haƙa kowa na ɗiba, idan buhun shinkafar azumi ya shiga gidan Bayarabe da na Ibo kamar yadda ya shiga na Bahaushe, to an samu masu tsayawa su ce a bari idan fitina ta taso. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Duk da haka, niyya ce gaba. Wanda ya bayar don a ɗauki hotonsa a sa a Facebook, jama'a kan gane, kuma ya tozarta wanda ya karɓa. A bayar don Allah, sauran amfanin zai biyo baya da kansa.

Saboda haka kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai shi ne su zaunar da 'yan kowane layi, a tsayar da asusu, a zaɓi amintattu uku masu sa hannu, a riƙa karanta lissafi duk wata. Kai kuma mai rumfa, tsayar da watan zakkarka, ka ware abin da za ka iya daga ribar mako ko da kaɗan ne, ka fara tambayar yaranka halin da suke ciki tun kafin su roƙa. Allah Ya sa albarka a nema.