Gaskiya Tsakanin Abin da Mutum Ya Ji da Abin da Hujja Ta Nuna

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafar nan na Girka, Furotagoras, ya koyar da cewa kowane mutum shi ne ma'aunin gaskiya a wurin kansa, ta yadda idan iska ta kaɗa wani ya ji sanyi, wani kuma bai ji ba, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wannan fahimta tana da gurbinta a al'amuran ɗanɗano da sha'awa, inda ba a neman shaida kafin mutum ya fifita wani abinci a kan wani, amma takan gaza da zarar an zo ga abin da ke faruwa a zahiri, domin shi ba ya sauyawa saboda yarda ko ƙin yardar mutane. A nan ne ake bukatar hujja, wato dalilin da wani mutum dabam zai iya sake aunawa da kansa ya samu sakamako iri ɗaya.

Tarihin babban asibitin Biyana a ƙasar Ostiriya ya fayyace wannan bambanci. A shekarun 1840 asibitin yana da ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya a hannun likitoci da ɗalibansu, ɗaya a hannun ungozomomi, kuma zazzaɓin bayan haihuwa yakan kashe kusan kashi 10 cikin 100 na masu jego a ɗakin likitoci, alhali a ɗakin ungozomomi bai kai kashi 4 ba. Likitocin zamanin sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska, sai dai wani matashin likita ɗan ƙasar Hangare, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa likitoci da ɗalibai sukan feɗe gawa domin bincike sannan su wuce wurin mata masu naƙuda, aikin da ungozomomi ba sa yi. A watan Mayun 1847 ya wajabta wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, sai mace-macen da suka kai kashi 18 a watan Afrilu suka sauko zuwa kusan kashi 2 a watan Yuni.

Duk da haka manyan likitoci da dama sun ƙi amincewa, saboda hannayensu tsaf suke a ganin ido, kuma ya yi musu nauyi su yarda cewa su ne ke ɗauko wa majinyata ajali. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a wannan lamari ganin ne ya yaudare su, tun da ƙwayoyin cuta sun fi ƙarfin idon ɗan Adam. Semmelweis ya rasu a 1865 ba tare da yawancin abokan aikinsa sun gaskata shi ba, sai da binciken Louis Pasteur a Faransa da aikin Joseph Lister a Birtaniya suka tabbatar da rawar da ƙwayoyin cuta ke takawa.

Likitocin ba maƙaryata ba ne, domin abin da suka faɗa shi ne abin da suka yi imani da shi, amma tsarkin niyya bai hana mata mutuwa ba. Saboda haka ƙarfin yaƙinin da mutum yake ji a zuciyarsa ba ya zama shaida, kuma wajibi ne a kan duk wanda rayukan wasu suka rataya a wuyansa ya miƙa fahimtarsa ga gwaji da ƙidaya, ya kuma sauya matsayi idan sakamakon ya saɓa masa.