Soba: Birnin da ba a ganinsa sai da ɗan jagora

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, baƙi masu yawon buɗe ido a Khartoum sukan zaga kogin Nilu a jirgin ruwa, sannan su ɗauki ɗan jagora su nufi dalolin Bajarawiya. Kaɗan ne ke waiwayar Soba, alhali ga ta nan kusa, kimanin kilomita 20, a bakin Shuɗin Nilu.

Ban ga laifinsu ba. In ka je kai kaɗai, tuddai kawai za ka gani da ɓarɓashin jan bulo. Sai mai sani ya gaya maka nan ce fadar masarautar Alwa ta Kiristocin Nuba, wadda ta faɗi wajajen 1500. A ƙarni na 10, Ibn Sulaim al-Aswani ya ambaci majami'unta, lambunanta, har da unguwar Musulmi. A ƙarni na 19 kuma aka yi ta kwasar bulonta ana gina Khartoum.

Yanzu gidaje na ta cinye filin. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina tarihin Soba: in Allah ya kawo zaman lafiya baƙi suka dawo, a samu ɗan gari da zai nuna musu wurin.