Yadda Turawan Ingila Mazauna Sifaniya Suke Bikin Kirsimeti



Kwanan baya ina koyar da labarin ƙasa a aji shida, sai na nuna wa yara wani katin gaisuwar Kirsimeti na Ingila, ƙanƙara ta lulluɓe gidaje da itatuwa fari fat. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su mutanen nan ba sa gajiya da sanyi?" Na ce mata suna gajiya mana, har ma akwai dubbai daga cikinsu da suka tattara nasu ya nasu suka koma inda rana take. Wannan tambaya ce ta sa na ga ya kamata yau in ba ku labarin zaman waɗannan mutane a ƙasar Sifaniya, musamman a lokacin bikinsu, domin a lokacin biki ne baƙo yake sanin cewa shi baƙo ne.

Abin da ya kai su

A watan Disamba, tun kafin ƙarfe 4 na yamma rana take faɗuwa a London, zafin rana kuwa da tsakar rana bai cika wuce digiri 8 ko 9 ba. A Malaga, wadda take bakin Bahar Rum a yankin Andalus da muka sani a littattafan tarihi, ana samun digiri 17 ko 18 a wannan wata. Tafiyar kuwa ba ta wuce awa uku a jirgin sama. Tun wajen shekarun 1960 Turawan Ingila suka fara zuwa hutu garuruwa irin su Benidorm da Torremolinos, waɗanda da can ƙananan garuruwan masunta ne. Bayan Sifaniya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986, sayen gida da zama suka ƙara sauƙi. A 'yan shekarun nan mutanen Birtaniya masu rajistar zama a ƙasar sun kai kimanin 300,000, kuma sun fi yawa a lardin Alicante da na Malaga. Da yawansu tsofaffi ne 'yan fensho, miji da mata, waɗanda suka sayar da gidansu suka baro 'ya'ya da jikoki a gida. Akwai kuma masu ƙananan shaguna, da malaman makaranta, da magina, da masu gyaran gashi.

Kada ku ɗauka ba su jin sanyi ko kaɗan. An gina gidajen bakin tekun ne don maganin zafin bazara, daɓensu na tayil, ga shi yawancinsu ba su da na'urar ɗumama gida irin ta Ingila. Saboda haka matar da ta shanya wanki da 'yar riga marar hannu da hantsi, da magariba sai ka gan ta cikin rigar sanyi da safa, ta jawo murhun gas kusa da ƙafafunta. Gwamnatin Birtaniya tana da wani kuɗi da take ba tsofaffi don ɗumama ɗaki, amma tun 2015 ta daina biyan mazauna Sifaniya, wai ƙasar ba ta cikin masu tsananin sanyi.

Wahalar cefane

Aikin biki a ko'ina kan mace yake faɗawa. Abincin ranar 25 ga Disamba wurin Baturiyar Ingila ba ya canzawa: gasasshen talotalo, gasasshen dankalin turawa, karas, da wasu ƙananan kabeji waɗanda ba su wuce girman goro ba. Daga baya a kawo wani kek baƙi mai nauyi wanda aka cika da zabibi da kayan ƙanshi aka dafa da tururi. Wasu tun ƙarshen Nuwamba suke yin sa su ajiye.

To, mutanen Sifaniya ba su saba da yawancin waɗannan ba. Sai uwargida ta je wurin mahauci tun da sauran makonni ta sa a ajiye mata talotalo, sauran tarkacen kuma ta nufi kantunan da 'yan ƙasarsu suka buɗe, inda kaya suke da tsada saboda daga Ingila ake kawo su. Da can in 'yarta za ta zo biki, sai ta ciko mata akwati da cuku da nama. Amma Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai a 2020, kuma tun 1 ga Janairun 2021 aka hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga can. Ko ƙunshin kyauta da aka aiko ta gidan waya sai ya bi ta hannun kwastan, wani lokaci ma a ce a biya kuɗi kafin a karɓa.

Biki biyu a unguwa ɗaya

Abin da ya fi ba baƙin mamaki shi ne, addininsu ɗaya da masu gari, amma tsarin bikin ya sha bamban. Wurin mutanen Sifaniya hidima tana farawa ranar 22 ga Disamba, ranar da ake fitar da sakamakon wata babbar caca ta gwamnati wadda ake yi tun 1812. Yaran wata makaranta a Madrid ne suke rera lambobin kamar waƙa, duk kantin da ka shiga muryarsu kake ji a rediyo da talabijin.

Babban cin abincinsu kuwa daren 24 ga wata ne. Ƙarfe 9 na dare sarkinsu, Felipe na 6, yake jawabi, sa'an nan dangi kaf su zauna kan jatan lande da gasasshen ɗan rago da wata alewa da ake kira turron. Ana yin ta da zuma da ƙwayar almon, ta yi kama da kantun gyaɗa, kuma garin Jijona na lardin Alicante ya yi suna wajen yin ta. Masu zuwa coci su tafi da tsakar dare. Baturen Ingila da ya saba cin tuwon darensa ƙarfe 6 ko 7, a wannan lokaci ya daɗe da kwanciya, sai dai ya ji hayaniyar maƙwabta har asuba.

Washegari sai abin ya juya. Masu gari suna barcin gajiya, baƙi kuwa sun tashi da sassafe suna buɗe kyaututtuka. Masu ibada su tafi cocinsu, irin na Saint George da yake cikin maƙabartar Ingilishi ta Malaga, wadda aka buɗe a 1831. A bakin tekun La Zenia, kudu da Alicante, dubban mutane sukan taru da kujerunsu da kulolin abinci, kowa da jar hula, ana busa ana waƙa, masu ƙarfin hali har su faɗa ruwan sanyi. Waɗanda ba su son girki su biya kuɗin tebur a gidan abinci na 'yan ƙasarsu tun watanni kafin ranar. Ƙarfe 4 na yamma, watau ƙarfe 3 agogon Ingila, sai a yi tsit a saurari jawabin Sarki Charles na 3. Wannan al'ada kakan mahaifiyarsa, Sarki George na 5, ya fara ta a rediyo a 1932.

Ranar 26 hutu ce a Ingila, amma a Malaga da Alicante yawanci ranar aiki ce, kowa ya koma shagonsa. Daren 31 ga wata ne baƙo da ɗan gari suke haɗuwa a dandali. Kowa yana riƙe da 'ya'yan inabi 12, in agogo ya fara buga sha biyun dare sai a riƙa cin ɗaya a kowane bugu. Sabon zuwa yakan ƙware, masu gari su yi ta dariya, daga nan kuma sabo yake farawa.

Bikin Sifaniya ba ya ƙarewa sai 6 ga Janairu. Da yammacin ranar 5 ake jerin gwanon sarakuna uku, waɗanda a labarin Kirista suka kai wa jariri Annabi Isa kyauta, ana watsa wa yara alewa daga kan motoci da dawaki. Washegari ne yaran gari suke samun babbar kyautarsu. 'Ya'yan Ingilishi da suke makarantun gari su suka fi kowa morewa, don kuwa sau biyu suke karɓa. Su ne kuma suke zama tafintocin iyayensu.

Bayan an watse

Nan ne labarin yake da ban tausayi. Da yake akwai likita mai jin Ingilishi, da jaridun Ingilishi irin su SUR in English da ake bugawa a Malaga, da maƙwabta 'yan ƙasa ɗaya, mace tana iya shekara ashirin a can ba ta iya harshen gari ba, ban da gaisuwa da ƙirga kuɗi. Muddin mijinta yana nan da lafiya, ba ta ganin illar haka. Ranar da ya kwanta asibiti, ko ya rasu, ran nan take gane kurenta. A Sifaniya ana jana'iza cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali a Ingila akan ɗauki mako biyu ko fiye, don haka wani lokaci 'ya'ya ba su samun isowa. Ga takardun gado da na banki duk cikin harshen da ba ta ji. Komawa gida kuwa ba sauƙi, domin sau da yawa kuɗin gidan da za ta sayar a Sifaniya ba zai saya mata irinsa a Ingila ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Irin wannan tsohuwa, ranar biki sai ta jingina wayarta da kofin shayi tana kallon jikokinta suna buɗe kaya a wata ƙasa. Ko 'yar'uwarta da ta saba zuwa ta yi duk damina da hunturu tare da ita, yanzu doka ta ce wanda ba shi da takardar zama kada ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180.

Amma fa dole a yaba wa matan nan kan abu guda, ba su naɗe hannu ba. Suna da ƙungiyoyin da suke shirya abincin biki don waɗanda ba su da kowa, a je da mota a ɗauko su. Wata daga cikinsu, Joan Hunt, mijinta ya rasu da ciwon daji a can. Maimakon ta koma gida, sai ta kafa ƙungiyar Cudeca a 1992 don kula da masu wannan ciwo a ƙarshen rayuwarsu, kyauta, ko baƙo ko ɗan gari. Gidan jinyar yana garin Benalmadena, kuma wani kaso na kuɗin yana fitowa daga shagunan gwanjo da masu aikin sa kai suke tsarewa, matan Ingila da na Sifaniya kafaɗa da kafaɗa. Ta rasu a 2021, aikin yana nan yana ci gaba.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu aikin maigida yakan kai mu garin da ba mu jin harshensu. Shawarata ita ce, tun makon farko ki shiga maƙwabta ki yi gaisuwa, ki koyi sunayen kayan miya da harshensu, ki san inda takardun gida suke da abin da yake cikinsu. In suna biki ki aika da barka, in naki ya zo ki zuba musu a kwano. Kada kuma ki yanke ƙafa da gida, zumunta a ƙafa take. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe darasin harshe da kyau, kowane iri ne, don ba ku san inda rabo zai kai ku ba.