Tamowa mai tsanani: Dalilin da ya sa asibiti ba ya fara cika cikin yaro da abinci

Abuja — A watan Yulin 2025, ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina tun daga farkon shekarar. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan biyu ne ke fama da tamowa mai tsanani a Najeriya.

Ana gane ta ne idan kaurin damtsen yaro mai wata shida zuwa shekara biyar ya gaza santimita 11.5, ko kuma ƙafafunsa biyu suka kumbura. Ba kowane mai ita ake kwantarwa ba. Ana fara gwada shi da kwaɓin gyaɗa mai ɗauke da madara, mai, sukari da sinadarai, wanda ake kira RUTF. Idan ya ci, kuma babu wata cuta tare da shi, sai a sallame shi ya ci gaba da jinya a gida. Wanda ya ƙi ci, ko yake da kumburi mai yawa, ciwon huhu, amai mara tsayawa ko suma, shi ake bai wa gado.

A nan ne iyaye da dama ke shiga damuwa, ganin ɗansu ya rame ƙwarai amma ana ba shi madara tsararo a ɗan kofi. Wannan ba rowa ba ce. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yakan rage aikinsa: zuciya, hanta, ƙoda da hanji duk sun yi rauni, kuma abinci mai nauyi lokaci guda na iya kashe yaron. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a fara da madarar F-75, mai kalori 75 a kowace mililita 100, duk bayan sa'a biyu zuwa uku, dare da rana. Ciyarwar dare ba abin wasa ba ce, domin faɗuwar sukarin jini da sanyin jiki na cikin abubuwan da ke saurin kisa. Wanda ya kasa sha, ana sa masa bututu ta hanci.

Haka kuma ba a gaggawar yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, ko da yana gudawa, sai in ya galabaita matuƙa, don kada ruwan ya fi ƙarfin zuciya. Maimakon ruwan gishiri da sukari da aka saba, ana ba shi ReSoMal, mai ƙarancin gishiri. Ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko babu zazzaɓi, tunda jikinsa ba lallai ya nuna alama ba. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuwa, sai daga baya.

Idan kumburi ya fara saɓewa, yaro ya soma neman abinci da kansa, galibi cikin mako guda, sai a koma da shi a hankali kan madarar F-100 ko RUTF, wanda kowane ƙunshinsa ke da kalori 500. Bayan sallama, jinyar kan ɗauki makonni a gida tare da komawa awo a kai a kai. Ƙunshin magani ne da aka lissafa bisa nauyin yaro guda. Idan aka raba da yayyensa, ko aka kai shi kasuwa, yaron na iya komawa gadon da ya baro.