Kada Ku Yi Saurin Tuge Dashe

Jama'a, karatunmu na yau a kan dashen da ya yi yaushi ne. Mutum yakan samo ɗan mangwaro ko lemun tsami, ya dasa a tsohuwar tukunya, ya ajiye a tsakar gida. Bayan 'yan makonni ganye ya yi rawaya ya zube. Sai ya ce ai ya mutu, ya tuge ya yar. To, sau da yawa ba mutuwa ya yi ba, ciwo ne. Ciwo kuwa yana da magani.

Wannan hasara ce babba gare mu. Dajin Rugu da ke yamma da Batsari da Safana ya ragu ƙwarai saboda sara da noma da kiwo. Daminarmu kuma gajeriya ce, ba ta wuce wata 4 zuwa 5. Wanda ya yar da dashe ɗaya ya yar da inuwa da 'ya'yan itacen da yaransa za su sha.

Da farko mu duba ko da sauran rai. Ku kankare bawon kaɗan da farce. In kun ga kore, yana da rai. In ya bushe, ku sake gwadawa can ƙasa kusa da gindi.

Sa'an nan mu nemi dalilin ciwon. Ku tura yatsa cikin ƙasar tukunyar. In ta bushe ƙayau, ƙishirwa ce. In kuwa ta yi caɓi tana wari, ruwa ne ya yi yawa. Mutane da yawa in sun ga yaushi sai su ƙara ruwa. Wannan kuskure ne. Saiwa tana shaƙar iska kamar mu. In ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, ta kasa sha, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa.

Ga yadda za mu yi da irin wannan:

1. A cire dashen a hankali, a kakkaɓe ƙasar. Saiwa mai lafiya tana da haske da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana da laushi.
2. A yanke ruɓaɓɓiyar da wuƙa mai kaifi, mai tsabta. A rage busassun rassa.
3. A huda gindin tukunyar, a rufe hudar da tsingaro don ruwa ya riƙa tsiyayewa.
4. A haɗa ƙasa da rairayi da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.
5. A mayar da dashen, a ajiye inda hantsi zai taɓa shi, amma ya sami inuwa da azahar.

Bayan haka sai a ba shi ruwa da yamma, in saman ƙasar ya bushe. Kada a zuba masa ruwan wanki mai sabulu. A barbaɗa toka kewaye da tukunyar saboda gara. A kewaye shi da ƙaya saboda akuya, a kare shi da zana daga iskar hunturu. A dakata da ƙarin taki sai sabon toho ya fito. In ya murmure, a mayar da shi ƙasa cikin watan Yuli, lokacin da ruwa ya zauna.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna mana amfanin wannan haƙuri. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gona kowace shekara saiwarsu tana da rai. Manoma suka fara barin toho mai ƙarfi, suna rage sauran. Ta haka itatuwa suka dawo a kadada wajen miliyan 5 a ƙasar Nijar. Watau muddin saiwa tana da rai, itace bai mutu ba.

Saboda haka kowa ya koma gida ya duba dashensa kafin ya tuge. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane dashe mai sauran rai?
2. Don me ake huda gindin tukunya?
3. A wane wata ake mayar da dashe ƙasa?