Ciwon sukari: mu bambanta wutar murhu da gobara

A wannan karo maganarmu ta shafi wanda likita bai daɗe da shaida masa yana da ciwon sukari ba. Galibi mutum ne da ya kai shekara 40 ko fiye. Ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya hana shi barci, jiki yana ramewa. An auna jininsa da safe kafin ya ci komi, an ga giram 1,26 na sukari ko fiye cikin lita guda. An sake awo wata rana, an ga haka. Wasu na'urori 126 suke rubutawa, duk abu guda ne. A wajen manya, yawanci wannan shi ne ciwon sukari iri na 2.

Daga ranar sai shawara ta yi yawa. Wani ya ce a sha ɗaci. Wani ya nuna cikin salula cewa a ƙasashen Turawa wasu sun bar duk abinci mai gari, sai nama da ƙwai da ganye, kuma sukarinsu ya sauka. Maganar nan ta biyu da gaskiya cikinta. Amma akwai rami a hanyar, ya kamata mu san inda yake.

Mu fara da abin da ke faruwa cikin jiki. Tuwo, hura, kunu, shinkafa, maka, burodi, garin rogo da dankali, ko ba su da zaƙi a baki, in sun shiga ciki sukari suke zama. Cikin giram 100 na hatsi, kusan giram 70 gari ne mai komawa sukari. Sukarin nan shi ne itacen wutar jiki. Sai dai ba ya barin jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani ruwa da jiki ke yi, mai suna insulin. Mai ciwo iri na 2 yana da insulin, amma ya yi kaɗan, ko kuwa jiki ba ya jin maganarsa. Shi ya sa sukari ke taruwa cikin jini. Ke nan in an rage abinci mai gari, sukarin jini zai ragu.

To, jiki yana da rumbu na biyu, wato kitse. In abinci mai gari ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar ƙasa da giram 50 a yini, sai a buɗe rumbun nan. Hanta ce ke juya kitse ya zama wani abu da ƙwaƙwalwa da tsoka ke iya aiki da shi. Likitocinmu na ce masa seton ko aseton, a Nijeriya kuwa keton. Ko mai lafiya, in ya daɗe bai ci ba, ana samun ɗan seton a jininsa. Wannan wutar murhu ce. Ɗan insulin da ke akwai yana tsare da ita, ba ta wuce iyaka.

Gobara kuwa tana tashi lokacin da insulin ya kusa ƙarewa. Kitse ya yi ta narkewa ba mai tsai da shi, seton ya cika jini, jini ya yi tsami. Mutum ya kama amai da ciwon ciki. Baki ya bushe, ƙishirwa ba ta yankewa. Numfashi ya zama mai zurfi da sauri, kamar na wanda ya sha gudu, yana wari irin na ɗan itacen da ya nuna ya wuce kima. Daga nan sai magagi, sai suma. In ba a kai shi asibiti an yi masa ƙarin ruwa da insulin ba, yana iya rasa ransa. Ba abin da jiƙo zai yi a nan, kuma ba a jiran gari ya waye.

An daɗe ana zaton gobarar nan ta yara masu ciwo iri na 1 ce kaɗai. Amma likitoci sun gano cewa cikin mutanen Afirka ta Yamma akwai manya waɗanda da ita ciwonsu ke fara bayyana. Ana sa musu insulin da fari. Bayan makonni ko watanni, da yawansu jikinsu kan farfaɗo, har likita ya mai da su kan ƙwayoyi. Saboda haka in an ce maka allura, kada ka ɗauka an yanke maka hukunci na har abada. Kada kuma ka bar ta da kanka don ka rage tuwo. Zazzaɓin cizon sauro, ko gyambo, ko wata cuta mai zafin jiki, su ma suna iya tada gobarar. Mai insulin ko bai iya cin abinci ba, ba ya tsai da allura. Likita zai nema ya gaya masa adadin.

Yaya ake ganewa? Ana auna seton cikin fitsari da ɗan tsinken takarda mai sauya launi, a rubuta +, ko ++, ko +++. Wasu asibitoci suna aunawa cikin jini. Ƙasa da 0,6 ba komi. Daga 0,6 zuwa 1,5 a sha ruwa, a sake awo bayan awa 2. Sama da 1,5 a ga likita a ranar. In ya kai 3, asibiti nan take. Amma lambar seton ba a karanta ta ita kaɗai. Wanda ya rage abinci mai gari, sukarinsa daidai, jikinsa garau, ɗan seton ba abin tsoro ba ne gare shi. Wanda sukarinsa ya haura giram 2,5 ga kuma seton, ko yana amai, wannan kam gobara ta kama.

Sai maganar magani, kuma a nan aka fi faɗawa rami. Metformin ita kaɗai da wuya ta kai sukari ƙasa fiye da kima. Glibenclamide da insulin kuwa aikinsu suke yi ko an ci ko ba a ci ba. Mai shan su in ya yanke tuwo dare ɗaya, sukarinsa na iya faɗowa ƙasa da giram 0,70. Sai rawar jiki, zufa, jiri. Maganinsa ƙwayar sukari 3 nan da nan, sa'an nan abinci. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi da sunansu ke ƙarewa da "gliflozin". Su da barin abinci mai gari ba su haɗuwa, don suna iya kawo gobara alhali sukari bai hau sosai ba. Tun da yanzu mun iya karatu, mu duba sunan da ke jikin kwali. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, kada su shiga wannan tsari sai da izinin likita.

Mu dai a ganinmu, barin hatsi gaba ɗaya bai dace da yawancin gidajenmu ba. Nama kullum sai mai hali, kuma wanda zai wuni riƙe da hauya ba ya wuni da ganye kaɗai. Ba sai seton ya fito ba ne ake cin moriyar ragi. A fara da sukarin shayi, da lemun kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa ke ɗauke da sukari kusan ƙwaya 7. Zuma da dabino ma suna hau da sukari, ko da mutane ba su son jin haka. Sa'an nan a raba kwano: rabi ganye da kayan garka, kamar zogala, rama, tafasa, kuɓewa, shu, salati da tumatir, kwata kifi, ƙwai, wake, cuku ko fara, kwata tuwo. Hura a rage dawo, a ƙara nono, kada a sa sukari. Zogala abinci ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin magani. Kuma mai ciwon ya ci a kwanonsa, don cikin kwanon taro ba wanda ya san lomar da ya yi.

A samu ƙaramin littafi. Kowace rana a rubuta kwanan wata, da abin da aka ci, da lambar sukari in an auna. Ranar komawa gidan likita a tafi da shi tare da kwalin magani, domin da shi likita zai ga ko lokacin rage ƙwaya ya yi.