Ina Baƙo Zai Sauka A Gombe?

Tun da aka mai da hedkwatar ƙasar Gombe daga Nafaɗa zuwa Gombe Doma a 1919, garin bai rabu da baƙi ba. Auduga da gyaɗa suka jawo fatake, jirgin ƙasa kuwa da ya iso a 1963 ya ƙara yawansu.

A wancan zamani baƙo ba ɗaki yake zaɓa ba, mutum yake zaɓa, watau fatoma. Shi ne zai ba shi makwanci da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada. In kuwa bashi ya shiga tsakani, fatoma ne mai lamuni.

Da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, sai manyan otal-otal suka tashi, irin su Gombe International Hotel. Yanzu attajiri yakan auna su kamar yadda mai zuwa Landan yake auna Savoy da Dorchester. Amma fa otal ɗaki yake sayarwa, ba ya tsaya wa kowa a kasuwa.

Saboda haka kada ƙyalƙyalin bene ya ruɗi mai zaɓe. Ya tambaya tukuna: in an ɗauke wuta, injin yana kwana yana aiki? Akwai ruwa a famfo? Wa ke gadin ƙofa? Yaya nisan wurin da inda sha'aninsa yake? Wanda ya zo sayen hatsi kuwa, ko a ina ya kwana, lalle ya nemi amintaccen ɗan gari, don baƙo makaho ne ko da yana da ido.